Ranar da Kam-shui Ya Juya Kifi

Duk ƙauyen masunta na Tai O babu wanda bai san labarin Shek Kam-shui ba, domin shi da kansa ya bi gida-gida ya tabbatar an sani. Mutum ne da mutuwa ta tauna sau biyu ta tofar. Yana ɗan shekara goma sha tara babbar guguwa ta kife jirgin ubansa, ya kwana biyu rungume da ganga a tsakiyar teku, da aka tsamo shi kuwa tambayarsa ta farko ita ce ko an rage masa shinkafa. Yana da hamsin da biyu ciwon daji ya kama shi a bayan hanci, irin wanda ya ɗauke ƙaninsa da rabin dattawan unguwar, shi kuwa ya shiga injin gashi na asibiti, mai ƙone ciwon da wuta, kwana talatin da biyar ya fito da ƙafarsa. Bai taɓa zama a aji ba, sunansa ma da ƙyar yake gane shi a takarda, amma in maganar mutuwa ce, yakan ce a kawo malamin da ya fi shi.

Wutar dai ta karɓi rabonta. Ta ƙone masa yawu ƙurmus, loma ba ta wuce masa sai da kurɓin ruwa. Ta toshe kunnen hagu, ta zubar da haƙora, ta ɗaure muƙamuƙi yadda yatsa biyu kawai ke shiga bakinsa. Shi ya sa kullum da gorar ruwa rataye a wuyansa, shi ya sa kuma 'yan kasuwa ke ce masa Busasshen Kifi. Sunan bai dame shi ba. Ya ce ɗanyen kifi kwana ɗaya ya ruɓe, busasshe kuwa sai ya ga jikoki.

Wata Litinin da hantsi yana zaune a dandamalin katakon bayan gida, ruwa na dukan ƙafafun gidan daga ƙasa, yana naɗe kawunan kifin gishiri da takarda saboda ƙuda. A dandamalin maƙwabta Gwaggo Mui na baza dakakken jatan lande a faifai. Labarin dai na kullum yake ba ta.

"Sai suka kwantar da ni, suka kifa mini wata raga a fuska, suka kafe ta da tebur da ƙusa huɗu."

"Bara ƙusa biyu ka ce."

"Kina wurin ne? Huɗu. Fatar wuyana ta saɓule kamar ta dafaffen kifi. Ruwa ma in na haɗiya sai ka ce fasasshiyar kwalba. Mu tara muka fara, Mui. Nawa suka gama?"

"Kai kaɗai, Busasshe. Ƙudajen nan ma sun haddace."

"Akwai wani ƙato ɗan dako, da an kwantar da shi sai ya fashe da kuka yana kiran uwarsa. Ni kuwa barcina nake sha a cikin injin, har munshari."

Ana haka sai Fung-yee, matar ɗansa Shing, ta leƙo da takarda a hannu. Fuskarta ba ta yi masa kyau ba.

"Baba, ku ɗan shigo ciki."

"Faɗi a nan, ai Mui kurma ce."

"Ji mai kunne ɗaya yana gori," in ji Gwaggo Mui.

Fung-yee ba ta yi dariya ba. Ya ajiye kifin ya bi ta. Ta tsaya a gaban kantar da aka jera 'yan gumakan kakanni, ta rage murya.

"Kun tuna rumfar da likitoci suka kafa a bakin gada, suna ɗibar jinin mazan da suka haura arba'in? Yayana Ngau ya tsokani Shing wai tsoron allura yake, shi ne ya miƙa hannu. Bayan wata guda suka kira shi suka sake ɗiba. Duka biyun sun ga abu."

"Wane abu? Yaron da ko mura ba ya yi."

"Sun ce alamar wata ƙwayar cuta ce a jini, wadda ke tafiya tare da... irin naku." Ba ta kira sunan ba. Mutanen ruwa, masuntan da suka tashi a cikin jirage, ba sa kiran sunan abin da ba sa so ya zo. "Sun ce ya je babban asibiti ranar Alhamis su leƙa bayan hancinsa. A ƙarƙashin tabarma na tsinci takardar, kwananta tara a wurin. Na yi masa magana, ya ce ko a mafarki ba za shi ba."

Kam-shui ya ɗaga gora zai sha, bakin gorar ya riƙa dukan dasashinsa, ruwan ya bi ta haɓa ya jiƙa masa riga. Ya ce katakon gidan ne ke rawa, ruwa ya fara cikowa. Fung-yee ta dubi katakon.

Da rana ya tafi ƙaramin asibitin ƙauye shi kaɗai, wai maganin kunne zai karɓo. Sista Tsang ta san shi shekara da shekaru, ta kuma san ba kunne ya kawo shi ba tun daga yadda ya zauna a gefen benci kamar baƙo. Ya miƙa mata takardar. Ta karanta, ta cire tabarau.

"Kawu Shui, wannan ba ta ce yana da ciwon ba. Ta ce a duba."

"Ƙwayar nan daga ina take zuwa? Daga ruwa?"

"Kusan kowa na ɗauke da ita. Ni ma ina da ita, ku ma. Tun ana yara take shiga, ta nemi wuri ta kwanta, yawancin mutane har su tsufa su mutu ba su san da ita ba. A wasu ƙasashen kaluluwa take kumburawa ta zama daji, har a jikin ƙananan yara. Mu kuwa mutanen kudu, akwai abin da muka gada a jini, ga kifin gishirin da ake yaye yara da shi. In suka haɗu, wani lokaci sai ta farka a bayan hanci."

"Na ce ta ina take shiga?"

"Ta yawu. Kofi ɗaya, cokali ɗaya, sumbatar jariri. Ko a tauna wa yaro abinci, kamar yadda iyayenmu suke yi a da."

Nan ya ji kamar an zare katakon da yake zaune a kai.

Bayan labarin wuta, babu abin da Kam-shui ke alfahari da shi kamar wannan. Shing na da wata bakwai zazzaɓi ya kashe uwarsa a cikin jirgi, nesa da gaɓa, babu nono, babu mace ko ɗaya a kusa. Kam-shui ne ya riƙa tauna shinkafa da kifin gishiri har su zama kamar kunu, ya tura wa jaririn a baki da ɗan yatsa, sau biyar a rana, wata goma sha huɗu. A wurin bikin Shing ma sai da ya miƙe ya daki ƙirji ya ce, "Ku dubi ƙaton nan. Da bakina na raine shi." Mutane suka yi tafi.

Sista Tsang ta ga yadda fuskarsa ta koma, ta gane.

"Kawu, ku saurare ni. Da ba ku tauna masa ba, yunwa ce za ta kashe shi. Kuma da ya samo ta a bakin wani kofin kafin ya shekara biyar. Babu likitan da zai ce daga gare ku ta fito. Abin da ke gabanku ɗaya ne: ya je ranar Alhamis. In akwai abu kuma ƙarami ne, cikin goma tara suna warkewa. In aka bari ya fito a wuya, ku kun san sauran."

Ta gefen hagunsa take magana. Rabin farko na zancen ya bi toshasshen kunne ya ɓace. Alhamis kawai ya tafi da ita.

Washegari da yamma ya sami Shing a cikin jirgi yana ɗinkin taru. Namiji ne mai faɗin kafaɗa, shekararsa arba'in da huɗu, bai cika magana ba. Kam-shui ya sauka a hankali ya zauna a kan akwatin ƙanƙara, idonsa a wuyan ɗan. Ya duba ƙarƙashin kunnen dama, ya duba na hagu. Babu kumburi. Ko akwai? Inuwar hula ce ko tudu?

"Baba, me kake kallo?"

"Aski nake gani kana bukata. Jibi za ni birni, ka raka ni."

"Fung-yee ta faɗa maka ke nan." Bai ɗago ba. "Jibi da asuba za mu fita. Kifin ya shigo, kwana goma kawai yake yi a shekara, ka fi ni sani. Kwana shida za mu yi."

"Leƙawa kawai za su yi."

"Kai ma leƙawa aka ce za a yi."

"Kai, ɗan Kam-shui ne fa kai! Wa ya taɓa jin jinina ya ji tsoron—"

Shing ya ajiye allurar tarun. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi tsawa muni.

"Ƙusa huɗu, Baba. Fatar wuya kamar ta dafaffen kifi. Fasasshiyar kwalba. Tara suka shiga, ɗaya ya fito. Ina da shekara ashirin da biyar ka fara mana wannan karatun, kullum a kan abinci, har 'yata ta iya shi kafin ta iya ƙirga. Kai ne ɗayan da ya fito. Ni na san kaina, ina cikin takwas ɗin. In abin yana nan, gara ya same ni a kan ruwa da ƙafata a tsaye, ba a kafe da tebur ina kiran uwar da ban sani ba."

Ya juya ya yi kaki ya tofar a gefen jirgi, kamar yadda kowane masunci ke yi sau ɗari a rana. Tofin bai kai ruwa ba, ya sauka a kan katako. Da Shing ya shiga ɗakin inji, tsohon ya rarrafa ya durƙusa a kan tofin yana neman ja a ciki. Hasken yamma ya rina komai ja, katakon, igiyar, bayan hannunsa. Ya kasa tantancewa. Ya goge wurin da tafin hannu, ya hau gaɓa.

An ce baki shi ke yanka wuya. Nasa bakin wuyan wani ya samu, kuma sau biyu: ya tauna ya ba yaron, sannan ya shekara goma sha tara yana gina masa katanga tsakaninsa da magani.

Ranar Laraba bai naɗe kan kifi ko ɗaya ba. Gwaggo Mui ta yi ta jefo masa tsokana ta kan dandamali, ta ce ko an ƙara ƙusa ta biyar ne ya sa ya yi shiru. Ya yi tunanin ya zuba ruwa a tankin man jirgi, ya tuna Shing zai gyara cikin awa biyu. Ya yi tunanin ya kwanta ya ce ciwonsa ya dawo, ya tuna zai zama kiran abin da sunansa a cikin gida. Sai da ya ga Fung-yee ta dawo daga kasuwa da babban kifi guda a kwando, na abincin sallama da ake yi wa matuƙa kafin tafiya, sannan dabara ta zo masa. Da ta zo kuwa sai ya gwammace da ba ta zo ba.

Mutanen ruwa ba sa juya kifi a faranti. In an cinye gefen sama, sai babba ya ɗage ƙayar a ci na ƙasa. Wanda ya juya kifi ya juya jirgi. Kam-shui ba wasa ya ɗauki wannan ba. Har ta mutu uwarsa tana rantsuwa cewa ranar da guguwa ta ci ubansa, wani baƙo ɗan tudu ne ya juya kifi a jirginsu. Shi kansa ya taɓa buge hannun wani malamin makaranta da tsinken cin abinci a kan haka, a gaban jama'a, bai kuma ba da haƙuri ba.

Kafin rana ta faɗi aka zauna. Shing, da Fung-yee, da yayanta Ngau wanda ke riƙe da injin jirgin, da tsohon. Kifin na tsakiya, an dafa shi da tururi, citta da albasa a kansa. Ngau mutum ne mai ƙaton ciki da son raha, amma ko tsinke ya faɗi ƙasa ranar tafiya sai ya tofa yawu sau uku.

"Kawu Shui, yau ba labari? Ko Busasshen Kifi ya jiƙa ne?"

"Ci abincinka, Tulu."

"Ni fa ba na ƙoshi sai na ji an kai wurin fasasshiyar kwalba. Ita ce miyata."

Aka cinye gefen sama. Ƙayar ta fito fara, kowa ya janye tsinkensa yana jiran babba ya ɗage ta. Kam-shui ya miƙa hannu. Ya ji zuciyarsa na bugawa a cikin toshasshen kunnen. A ransa ya kira allahiyar masunta ya ce, Uwar Teku, in fansa za ki ɗauka, ga ni, ni na yi, yaron bai sani ba. Ya ga jirgin Shing a kife, jan cikinsa a sama, hular Shing na yawo a kan ruwa. Ya ga kuma wuyan Shing da ƙullutu kamar ƙwan agwagwa. Dole ya zaɓi ɗaya ya ji tsoronsa.

Ya zura tsinkayen a ƙarƙashin kifin, ya sa cokali ta wutsiya, ya juya shi. Romo ya fantsama a tebur.

Fung-yee ta dafe baki. Ngau ya miƙe da sauri har kujerarsa ta faɗi, ya tofa yawu sau uku ta taga.

"Kawu! Kawu, ka haukace ne? Kai da kanka?" Ya juya wurin Shing, fuskarsa ta yi fari. "Suruki, ka nemi wani. Ni ƙafata ba ta taka jirgin nan sai an kwana uku, an kai turare da kaza ɗakin Uwar Teku. Ko kifin zinariya ne ya shigo. Kuma ba wanda zai bi ka in ya ji, ni zan faɗa musu."

Shing bai motsa ba. Yana kallon ubansa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Da gangan ka yi."

"Da gangan."

"Ka fi kowa sanin abin da ka jawo mini."

"Na sani." Ya kurɓi ruwa, harshensa ya ƙi saki, ya sake kurɓa. "Zauna, Ngau. Kana son labari, yau za ka ji shi. Ba ƙusa ba ce. Maɓallai ne na roba, da an gama a ɓalle su."

Bangon gidan na kwano ne, kuma ya ji dakan Gwaggo Mui ya tsaya a ɗaya gefen. Ya san duk abin da ya faɗa yanzu, kafin gobe da rana ya kai bakin gada. Ya ci gaba.

"Mu tara ne, wannan gaskiya ne. Shida muka gama. Akwai wani tela da ya zo da wuri, abinsa ko ƙwayar wake bai kai ba. Kek ɗin shinkafar da ake aiko mini duk sabuwar shekara, da nake ce muku wani attajiri ne da na ceta a ruwa, telan ne. Yana nan da haƙoransa. Ni kuwa wata goma sha ɗaya ina ɓoye ƙullutu a ƙarƙashin tawul. Kullum da safe in yi kaki in ga jini, in ce zafin ciki ne, in sha ɗacin ganye. Shing, ka tuna shekarar da nake yawo da tawul a wuya har da sanyi? Tsoro ne. Sai da kunnena ya mutu, ido ya fara ganin abu biyu, sannan ƙanwata ta ja ni. Shi ya sa suka gasa ni haka. Ba don ni jarumi ba ne, don na makara ne."

Fung-yee ta sauke hannunta daga baki.

"Ƙaton nan ɗan dako mai kuka yana kiran uwarsa." Ya dubi farantin. "Babu wani ɗan dako. Kwana talatin da biyar, kullum sai na kira ta. Rana ta farko har fitsari na yi a wando, wata nas ta rufe ni da zane ta ce ruwan gorata ne ya zube."

Ngau ya ɗaga kujerarsa a hankali ya zauna.

"Sista ta ce ta yawu ƙwayar take shiga. Ni na tauna maka, Shing. Kifin gishirin ma ni na ba ka. Da bakin nan na sa maka, da shi kuma na tsare maka hanyar asibiti. Na farkon ban sani ba. Na biyun kuwa daɗin tafi ne ya ja ni." Muryarsa ta ƙafe, gorar ta ƙare. "Jirginka ba zai fita gobe ba. In ka ga dama ka zauna a gida ka tsine mini. In ka ga dama kuma..."

Bai iya ƙarasawa ba. Fung-yee ta tashi ta cika masa gorar.

Shing ya daɗe yana kallon kifin da ke kwance a juye. Can ya ɗauki tsinkensa, ya yago tsoka daga gefen da ba wanda ya yi niyyar taɓawa, ya cire ƙananan ƙayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sa a kwanon ubansa, ya zuba romo ya dama da cokali har ya yi laushi yadda tsohon zai iya haɗiya. Ya tura masa kwanon.

"Bas ɗin farko ƙarfe nawa yake tashi?" ya tambayi matarsa.

Hanyar birni awa biyu ce, bas sannan jirgin ƙasa. A ƙofar asibitin warin maganin goge ƙasa ya daki hancin Kam-shui, ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Shekara goma rabonsa da wurin, tun da ya ce musu ya warke su daina damunsa da takardu. Shing ya yi taku uku ya waiwayo.

"Baba, ko ka jira a waje?"

"Wa? Ni? Takalmina ne ya kwance." Takalmin roba ne marar igiya. Ya kama hannun rigar ɗansa, suka shiga tare, ba a san wanda ke riƙe da wani ba.

Aka kira Shing. Ƙofar ta rufe. Tsohon ya zauna kusa da Fung-yee yana kallon agogon bango, wanda shi kaɗai ne rubutun da ya iya karantawa. Minti goma sha biyu. A cikinsu ya binne yaron, ya tono shi, ya sake binnewa. Da ƙofar ta buɗe sai ga Shing yana share hawaye da majina, yana tsaki.

"Wata siririyar igiya ce mai fitila a kai. Kamar tsutsa ta shiga hancin mutum. Shi ke nan fa?"

Likitar, wata mace da ba ta kai Fung-yee shekaru ba, ta kira su ciki. Ta ce ta ga wani ɗan tudu, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ta ɗan yanko a duba. Bayan mako guda amsa ta zo. Ciwon ne. Amma hoton da aka ɗauka ya nuna bai taɓa wuya ba, bai taɓa ƙashi ba, yana nan inda ya tsiro. Ta ce injin yanzu ba irin na da ba ne, yana auna wuta kamar mai zura zare a allura, yawancin yawunsa zai tsira. Kam-shui ya sa ta maimaita ta kunnen dama. Ya sa ta sake maimaitawa.

Jirgin ya fita bayan kwana uku da Ngau a kan sitiyari, an kai turare, an kai kaza. Tsohon ya tsaya a bakin gada kullum har sai da ya ga sun dawo lafiya da rabin kifin da aka saba, sannan ya iya cin abinci. A kasuwa kuwa sunansa ya canza. Gwaggo Mui ta riƙa ce masa Ɗan Dako, amma ranar da za a fara yi wa Shing gashin ita ce ta aiko da tukunyar romon ƙashi, ta ce a ba mai maɓallin roba.

A bakin ɗakin injin, sanye da rigar asibiti, Shing ya tsaya. Leɓɓansa sun bushe.

"Baba, in suka rufe ragar, yaya ake yi?"

"Ka ƙirga igiyar ruwa. In ta ƙi, ka yi kukanka. Injin yana da ƙara, ba mai ji."

Aka shiga da shi. Jar fitila ta kama a saman ƙofar. Kam-shui ya zauna a benci, gora a hannu biyu. Kusa da shi wani dattijo ne da takarda a hannu da tawul a wuya, yana ta kallon tabon ƙunar da ke wuyan Kam-shui.

"Yaya, ka taɓa shiga ne?"

Kam-shui ya buɗe baki. Ƙusoshin nan huɗu suna kan harshensa, a shirye, sun san hanya. Ya kurɓi ruwa ya haɗiye su.

"Na shiga. Na ji tsoro ƙwarai. Ana fitowa." Sai ya matso. "Amma ka san da wa kake magana kuwa? Duk Tai O, tun da aka kafa ta, mutum ɗaya ne ya taɓa juya kifi a teburin matuƙa da hannunsa, da saninsa."

"To, me ya faru?"

Kafin Kam-shui ya buɗe baki sai ya ji injin ya tashi a bayan ƙofar. Idonsa ya koma kan jar fitilar, leɓɓansa na motsi, yana ƙirga igiyar ruwa.